Mai Jinyar Tukwane

"Wato gadin tukwane kake yi, ɗan nan?" in ji tsohuwar, tana rungume da wani tulu a tashar mota ta Gada Biyu.

Kunya ta kama Ishaku, sabon ma'aikacin gidan tarihi na Jos. "A'a, Iya. Kiyureta ake ce wa mai aikin. Daga harshen Latin kalmar ta fito, ma'anarta mai kula, kamar dai mai jinya."

"To, tukunya ma tana ciwo?"

"Tana yi, in aka manta wanda ya gina ta."

Tsohuwar ta shafa wuyan tulun. "Uwata ta gina wannan. Ɗana ya sayo firji, wai in jefar. Ƙauye zan mayar da shi, amma hanyar duk gargada ce, da ƙyar ya kai lafiya."

"Ki kawo mana, Iya," in ji Ishaku. "Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

"Za ku rubuta sunanta? Kubra."

"Da hannuna, da manyan baƙaƙe."

Sai ta ɗaga murya. "Direba, ba wani kujerata, na fasa tafiya! Yau Kubra za ta shiga gidan gwamnati."