Ɗigon Alli a Rufin Mota

A layin jiran jirgin fito na Don Sak, Prasoet yana goge tsohuwar a-kori-kurarsa da tsumma, sai wani saurayi ya sauko daga sabuwar mota ya leƙo.

"Baba, wannan ai ta girme ni. Tana tashi kuwa?"

"Mitarta ta cika ta koma sifili, yaro. Taka ko birnin Chiang Mai can arewa ta taɓa gani?"

"To, injin fa?"

"Na uku ke nan. Ƙofar can ma ta wata motar ce, ni na yi mata fenti."

"Ashe dai ba ita ba ce! Me ya saura na asali?"

Prasoet ya buɗe ƙofa ya nuna masa yadin rufi. Duk ya yi baƙi, in ban da wasu fararen ɗigo saitin sitiyari.

"Ranar da na saye ta, malamin haikalinmu ya sa mata albarka, ya ɗiga mata allin nan da yatsansa. Mahaifina ne, da ya tsufa ya yafa mayafin ruwan goro na malaman haikali. Bakanikai sun sha cewa a sauya yadin. Na ce wanda ya taɓa wurin nan sai na karya masa hannu."

Saurayin ya daɗe yana kallo.

"Ta babana ma tana da irinsu. Bara na sayar wa 'yan gwangwan."

"Har rufin?"

"Har rufin."

Prasoet ya rufe ƙofarsa a hankali, ya miƙa masa tsumman.

"Ungo, je ka goge taka. Daga nan ake farawa."