Tsuntsuwar da Ke Cin Kasuwar Talata

A bencin tasha, wani tsohon masunci ya leƙa wayar saurayin da ke gefensa.

"Samari, wannan jan ɗigon fa?"

"Tsuntsuwar bakin ruwa ce, Baba. Mun ɗaura mata na'ura a baya muna bin tafiyarta. Ƙasa bakwai ta ƙetare."

"Ikon Allah! Kayan bai dame ta ba?"

"Ko kaɗan, mu masana ne. Yanzu ma ta sake hali, duk Talata sai ta shiga kasuwa. Har rahoto na rubuta a kai."

"Na'urar baƙa ce, mai siririn ƙarfe kamar jelar ɓera?"

"Ita ce! Ka ga tsuntsuwar?"

"Wata biyu ke nan. Ƙarfen naku ne ya sarƙe a ragata, na tarar da ita a mace. Abin ya yi mini kyau, na ɗaure shi a kekena."

Saurayin ya daɗe yana kallon wayar.

"To, gidan cacar da take yini duk Alhamis fa?"

Tsohon ya gyara zama, ya rage murya.

"Wannan kam ka goge shi, ɗana. Iyalina sun san ina bakin ruwa."