Na Biya da Gero, Ga Sammaci

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, kai da masu sauraro. Isufu ne daga Sarkin Hausa.

Bara na karɓi takin zamani bashi wajen wani Alhaji a Mayahi. Da kaka na kai masa gero a amalanke na biya bashin, aka auna a gaban maƙwabtansa biyu. Ƙanena ya ce, "Yaya, karɓi takardar shaidar biya mana." Na ce, "Kai, mutumin da muke sahu ɗaya ranar Juma'a? Ai zagi ne!"

To, Alhaji ya rasu. Ɗansa ya kai ni ƙara, wai ban biya ba, kuma ya rantse sai an ɗauke shanun nomana. Litinin ake jirana a kotu. Ni da na ƙarar da idona a karatun littattafai, ga ni babu ko layi ɗaya da zan nuna wa alƙali.

Malam, ka tambayar mini masana shari'a. Shaidar maƙwabta tana tsayawa? Ana iya taɓa shanu kafin a yanke hukunci? Don Allah a amsa kafin Litinin. Damina na tafe, kuma wuyana ba ya jan garma.