Hayaƙin Lorin Kebbe

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Umaru Tela daga Tambuwal.

Makon jiya na ɗauko innata daga Kebbe zan kai ta asibitin Sanyinna, ƙirjinta na ciwo. Muka hau wata tsohuwar lori. Ba mu yi mil fuɗu ba baƙin hayaƙi ya riƙa ɓullowa ta ƙarƙashin katako. Inna ta yi ta tari har ta yi amai a mayafinta.

Na buga bodin motar, direba ya tsaya. Na ce, "Direba, ka ji tsoron Allah, tsohuwa ba ta iya numfashi."

Ya yi dariya, ya shafa goshin motar, ya ce, "Malam, hayaƙin ga shi na ƙarfinta. Dokar gwada motoci da gwamnatin Jihar Arewa ka shiri, mu ba mu yarda ba."

Ƙyama ta kama ni. Na sauke Inna, muka ƙarasa Sanyinna a kan jaki. Har yau tana kwance.

Malam, wurin wa talaka zai kai ƙarar irin wannan? Ina gaida abokina Bello makaniki a Jabo. Direban nan kuwa, ban gaishe shi ba.