Tayoyin da aka yi wa dariya a tasha

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya tare da masu sauraro.

Ni direba ne a Azare, ina ɗauko kayan gona daga ƙauyukan Disina da a-kori-kurata. Kafin damina na je sayen tayoyi. Alhajin da ke sayarwa ya mirgino min wasu 'yan Beljiyam, wato na hannu, sun sha mai suna ƙyalli. Na jiƙa tsumma na goge gefen ɗaya, kamar yadda maigidana ya koya min, sai ga tsaga ta fito ko'ina. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, hanyata ba kwalta ba ce." Na zaɓi sababbi masu manyan haƙora.

Abokaina a tasha suka yi ta dariya, wai na sa wa mota ƙafar tarakta, ƙugi take kamar jirgi.

Da ruwa ya sauka, na tarar da motocinsu biyu sun kafe a taɓon wata fadama. Cikin ɗaya akwai wani dattijo makiyayi da maciji ya sara. Muka ɗora shi a tawa, na rage wa tayoyina iska kaɗan, na ratsa taɓon nan ko tangarɗa babu. Mun isa asibiti da wuri, kuma yau dattijon yana bin shanunsa.

Direbobi, kada ƙyalli ya ruɗe ku, ku duba hanyarku tukuna.

Ina gaishe da Sale da Ɗanjuma, masu motocin da suka kafe. Taraktar da ta dawo ta jawo ku da igiya ma tana gaisuwa.