Albasa a Ɗakin Haihuwa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajo, daga wani ƙauye kusa da Dandin Mahe.

Naƙuda ta kama ɗiyata, munka ɗora ta bisa amalanke zuwa asibitin da anka gina muna. Muna tura ƙofar ɗakin haihuwa, sai warin albasa! An baza ta har bisa gado. Maigadi ko kunya babu ya ce, "Inna, tun da malamar asibitin ta daina zuwa manya sunka aje kayansu. Ɗakin akwai iska."

Munka kama hanyar asibitin Shagari, a hanya ɗiyata ta haihu. Jikana bai zo da rai ba.

Ki gaishe min da manyan nan masu albasa. Tasu dai ba ta ruɓe ba.