Waƙar Lambar Munir

A rumfar mai cajin waya, tashar Ɗanbatta, ina jiran mota ta cika.

"Samari, duba min wayar nan," in ji wani dattijo. "Wani a Zakirai ya yanko min waƙa, ya ɗora a lambar ɗana Munir da ke Legas. Aikin banza ya yi, tun damina ba ta taɓa tashi ba."

Mai cajin ya latsa, kiɗan kalangu ya tashi.

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To me ya hana ta?"

"Ai sai Munir ɗin ya kira."

Dattijon ya dubi wayar.

"Ko in ɗora maka ita a kan kowa da kowa?"

"A'a, sai in riƙa zaton shi ne. Sake kunna min dai, in ji."